A Jira Lawali

Sana'ata turi. Ina da ɗan shago kusa da tashar mota a Kaura Namoda, rabi cajin waya, rabi tura wa mutane abin saurare a memori. Da can waƙa da fim ake nema. Yanzu direbobi sun gano fodkas, wato shirye-shiryen hira da ake saukewa a waya a saurara duk lokacin da aka ga dama. Tunda kuwa sabis a hanyar Shinkafi da ta Zurmi sai an haɗa da addu'a, ni nake sauke musu a nan su tafi da abinsu. Kusan kullum sai wani ya jingina da kantata ya miƙo waya ya ce, "Sanusi, wanne za ka zaɓa man?"

Amsa ba ta yi mini wuya, don na saurari abin da ya fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya. Akwai na wani malamin gona da ke amsa tambayoyin manoma. Shi ya koya wa rabin tashar nan yadda ake ajiye wake ba tare da an zuba masa maganin da zai kwantar da mai ci ba, wannan ina tura shi ko ba a tambaya ba. Akwai na wata ungozoma mai magana a hankali, wanda nake cusa wa sababbin angwaye suna ƙunƙuni, bayan wata tara su dawo suna godiya. Akwai wani bawan Allah da ke bin garuruwa yana zama da tsofaffi su ba shi tarihin kasuwanni da rijiyoyi. Muryarsa ba daɗi, ga yawan tari, amma yana barin mutum ya gama maganarsa, abin da ya yi ƙaranci a zamanin nan. Waɗanda samari uku ke zama suna ihu a kan ƙwallo ko siyasa kuwa, nakan ce wa direba, kana da fasinja cike da mota a bayanka, me za ka yi da ƙarin hayaniya?

Akwai kuma na tatsuniya. Wata yarinya ce mai zaƙin murya, da ɗan kiɗa ƙasa-ƙasa, kowace tatsuniya minti goma sha biyu, ta kammala ta faɗi darasi. Ba ta da laifi, Allah ya sani aikinta mai kyau ne, masu yara suna sonsa kuma ina tura musu. Sai dai duk ranar da na tura shi, tuwon dare ba ya wuce mini da daɗi.

Ƙauyenmu yana bayan Dauran, a ƙasar Zurmi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yau babu kowa a cikinsa da zai amsa. A can na tashi a hannun kakarmu ta wajen uba, Kaka Tasalla, 'yar gajeriyar mace mai bakin goro da harshe kamar aska. Ni take kira angonta, ango marar ko akuya, wai ta yi asarar aure. Mu uku ne a gabanta: yayana Lawali, ni, da ƙanwata Hassi. Idan an gama girbi sanyi ya sauko, bayan an yi lisha, sai ta hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta jawo kwandon gyaɗar iri ta dire a tsakiyarmu. Mu ɓare, ƙwaya a ƙwarya, ɓawo a wuta. Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa sai na waiga.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Nata daban ne. Takan kalli duhu kamar ta hango baƙuwa, ta ce, "Ga ta nan tahe da kayanta, wa ka sauke ta?" Mu ce, "Mu ka sauke ta, Kaka." In ta kai ƙarshe kuwa sai ta kaɗe zanenta ta ce, "Na zazzage buhu, ba saura ko ƙwaya." Sai kowa ya nufi tabarmarsa.

Dokokinta biyu ne, kuma ban taɓa ganin ta sassauta ko ɗaya ba. Ta farko, tatsuniya da gyaɗa tare suke tafiya. "In hannunku ya tsaya, bakina ya tsaya," in ji ta. In kuma kwando ya ƙare, to labari ya tsaya a inda yake, ko da wuƙa na wuyan mutum, sai gobe. Ni da Hassi mun sha ɓoye gyaɗa a ƙarƙashin cinya mu riƙa mayarwa kwando a ɓoye don a ja lokaci. Ba ta taɓa kasa gani ba. Sai dai ka ji rankwashi daga inda ba ka zata ba.

Doka ta biyu ita ce mai nauyi. Ba ta ƙarasa tatsuniya sai duk wanda ya ji farkonta yana zaune. In Hassi ta yi barci a tsakiya, an tashi ke nan. In an aiki Lawali, sai a jira shi. Mun taɓa yi mata gardama ta ce, "Wanda yaj ji kanta, haƙƙinai na shi ji wutsiyatta. In na ba ku bayan idonai na ci amanatai. Ni ban tashi kiyama da haƙƙin ɗan jikana bisa kai."

Tatsuniyar da ta kawo wannan magana, ina da shekara goma sha biyu ta fara mana ita. Wai an yi wani gari a gindin dutse, masu noma, rumbunansu cike. Wata shekara bayan girbi sai dodo ya sauko ya ce kowane gida ya ba shi damin gero ɗaya. Mutane suka ce dami ɗaya mene ne, a ba shi a zauna lafiya. Shekara ta zagayo ya ce biyu. Daga nan ya ce awaki, daga awaki ya ce shanu. Duk shekara dattawan gari su taru su ce, a ba shi, wannan ne na ƙarshe. Ranar da ya ce mutum yake so, a daren nan gari ya watse, wasu gabas wasu yamma. Sai wata tsohuwa ta ƙi tafiya. Kafin a watse ta bi gida-gida da goranta, kowane gida ta karɓi ƙwayar iri guda ta jefa a ciki ta toshe, don in an dawo wata rana kowa ya sami irin gidan ubansa.

In Kaka za ta yi muryar dodo, ƙwarya take kifawa a bakinta. Hassi takan shige jikina, ni kuma in yi ta mazurai wai ni ba na tsoro.

"Ke tsohuwa, ina mutanen garin ga?"

"Sun tai inda ba ka zuwa."

"Mi ke cikin goran ga?"

"Garin na ciki, duk da shi."

Dodo ya ce ta buɗe ya gani, in ta ƙi ya haɗiye ta da goran gaba ɗaya. In ta buɗe, iri ya tafi. In ta ƙi, ita da iri sun tafi. Sai tsohuwa ta dube shi ta yi dariya, ta ɗora hannu a kan marfi.

A nan kwando ya ƙare. Lawali ne ya cuce mu. Washegari zai tafi Shinkafi koyon tuƙi wurin wani ƙanen mahaifiyarmu, ɗoki ya cika shi, hannu bibbiyu yake ɓara don a tashi ya je ya ɗaure kayansa. Na yi kuka, Hassi ta yi birgima, Kaka ko a jikinta. Da asuba Lawali ya tafi. Da dare muka kawo kwando da kanmu muka dire, ta buɗe mana wata tatsuniyar daban. Waccan kuwa ta ce, "A jira Lawali."

Mun jira. In ya zo da Sallah, yana wurin abokansa yana ba su labarin giya da birki, ya girmi zaman tatsuniya. Da ya fara natsuwa ni kuma an kai ni makarantar kwana a Kaura. Da na gama, Hassi ta yi aure a Ɗan Isa. In biyu sun haɗu, ɗaya ba ya nan. In mu ukun mun haɗu, to biki ne ko rasuwa, gida cike, ba wanda zai jawo kwando. Har abin ya zama abin tsokana a gidanmu. In na je gaishe ta nakan ce, "Kaka, tsohuwar nan har yanzu hannunta na bisa marhi?" Ta ce, "Yana nan, angona. Ita ba ta gaji ba, ku kunka gaji." Mu yi dariya in kama hanya. Shekara ashirin da wani abu muna wannan dariyar.

Sai dodon ya zo. Ba daga dutse ya sauko ba, daga daji ya fito a kan babura. Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Aka fara da hatsi, dattawa suka ce a bayar a zauna lafiya. Aka koma shanu. Aka koma ba mai shiga gonar ubansa sai da izini. Aka koma mutane. Manya suka zo jaje da jerin motoci, suka tsaya gaban kyamara, kafin la'asar sun juya, don su ma sun san hanyar.

Lawali yana jan bas tsakanin Zurmi da Kaura. Wata ranar kasuwa suka tare shi a wata kwana, mota cike da mata, ya ƙi tsayawa, suka harbe shi yana tuƙi. Ya fitar da fasinjansa, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Shi kuwa a bakin hanya aka sauko da shi daga kujerarsa, ya riga ya cika. Ba a rufa shekara ba ƙauyenmu ya watse. Aka kawo mini Kaka a bayan babur, an ɗaure ta da rawani a jikin mai tuƙin don kada ta faɗi, tana rungume da ƙullin tsumma. Matata ta so ta karɓa ta adana mata, ta hana. Gyaɗar iri ce, ba ta kai rabin tiya ba. Ta ce ta komawa ce.

Na ba ta ɗaki kusa da madafa. Ci da sha ba ta rasa ba, magani ba ta rasa ba, duk wanda ya zo yakan ce Sanusi ya riƙe tsohuwa da kyau, ni ma haka nake gaya wa kaina. Amma yini take zaune tana kallon katangar bulo. Yaran gidana sun fi gane wa waya. In ta yi musu magana da irin Hausarta ta ƙauye sai su yi dariya su ruga.

Ranar da nake son faɗa, kwana huɗu ke nan babu wutar lantarki a unguwarmu. Wayoyin mutane sun taru a shago, injina ya lalace, kowa ya zo sai ya zazzaga mini rashin mutunci ya tafi. Hassi ta samu hanya ta zo daga Ɗan Isa duba Kaka, kwana ɗaya za ta yi. Bayan magariba na shigo cin tuwo, sai na tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, an hura 'yar wuta a kasko. Ga faifai a gabanta. Ta kwance ƙullin nan da ba ta bari a taɓa, ta zube gyaɗar a kai.

"Angona, zamna," in ji ta. "Ga Hassi, ga ka. Lawali ba shi zakkuwa, na sani. Na roƙi Allah gahwara, na ɗage mai. Ku zamna in zazzage muku buhun ga, ya yi man nauyi."

Na san abin da take nufi, kada wani ya ce ban gane ba. Har na tuɓe takalmi ɗaya. Sai kwan fitilar tsakar gida ya kama, yara a layi suka ɗauki ihu an kawo wuta. Wutar garin nan kuwa ba ta da alkawari, tana iya yin awa ɗaya ta tafi sai wani mako. Na mayar da takalmina.

"Kaka, bari in je in jona wayoyin mutane, yanzu in dawo."

Ta jawo faifan gabanta ta fara ɓara. Na ga bai kamata in bar ta haka ba, sai na yi abin da na iya. Na zaro wayata, na nemo shirin yarinyar nan mai zaƙin murya, na durƙusa na saka wa Kaka iyafis a kunnuwa da hannuna. Har da ce mata, "Ga irin taki nan, ki ji kafin in dawo. Wannan duk ya fi daɗi, kowa shi yake nema." Ni mai shagon da ke cike da wayoyi, kowacce tana iya naɗar murya, abin da na ga ya dace in yi da waya a gaban Kaka Tasalla ke nan.

Wutar ta daɗe a ranar, ni ma na daɗe. Da na dawo an kashe kasko, an naɗe tabarma. Hassi ce ta ba ni labari da safe tana ɗaura goyo, ko kallona ba ta yi. Ta ce Kaka ta zauna da abin a kunne tana ɓarar gyaɗarta ita kaɗai har shirin ya ƙare. Sannan ta cire, ta naɗe igiyar a hankali ta ajiye, ta ce, "Wagga ɗiya ta iya. Amma wa taka ba labari? Ba ta jiran a amsa mata. Ko na yi kwana ba ta sani." Hassi ta roƙe ta ta ƙarasa mata ita kaɗai, ta ce a'a, Sanusi na da rai, yana da haƙƙi.

Da daren ranar na sayo gyaɗa na kawo. Ta dubi ledar ta ce, "Hassi ta tai." Matacce ta ɗage wa doka, ba mai rai ba.

Wata biyu hanyar Ɗan Isa ba ta biyuwa. A cikinsu Kaka ta yi zazzaɓi mai zafi, ta tashi, amma ba duka ta tashi ba. Takan kira matata da sunan mahaifiyata, takan ce a kore awaki daga rumbu. Da Hassi ta samu zuwa, na rufe shago tun la'asar. Na sayo gyaɗa kwando guda, na hura wuta, na ajiye waya a gefen faifai na danna naɗi. Kaka ta ga kwando fuskarta ta washe. Hannunta bai manta ba, ɓawo na tashi kamar da. Ta kalli duhu ta ce, "Ga ta nan tahe da kayanta, wa ka sauke ta?" Ni da furfura a gemu, Hassi da 'ya'ya biyar, muka haɗa baki, "Mu ka sauke ta, Kaka."

Sai ta dube ni, ta dubi Hassi, ta dubi gefen da babu kowa.

"Ina Lawali?"

Hassi ta toshe baki da mayafi. Na ce, "Kaka, ai kin ce kin ɗage mai."

"Ni? Ka ji ango da ƙarya. A jira Lawali. Mota ta tsaishe shi, yana tahe."

Muka zauna muka ɓare kwandon nan har ƙasa, ba ta ƙarasa tatsuniyar ba. Kafin a yanke gero ta rasu.

Hassi ta ce ita a ganinta tsohuwar barin dodo ta yi ya haɗiye ta, irin ya tsiro a cikinsa ya fasa shi. Wataƙila. Amma me ya kai hannunta kan marfi, kuma me ya ba ta dariya? Na bi duk wani shirin tatsuniya da na samu, na Kano, na Sakkwato, har na mutanen Nijar, ban ji mai kama da ita ba. Na aika wa yarinyar nan saƙo, ta amsa da ladabi ta ce ba ta taɓa ji ba, in turo mata cikakkiya za ta saka. Na tambayi tsofaffin ƙauyenmu da ke zube a makarantu da kangwayen garin nan, ba wanda ya santa. Na fi zaton Kaka ce ta ƙaga abarta, kuma ita kaɗai ta san yadda tsohuwa ta yi da dodo.

Ina yaro na ɗauka abin da ke cikin labarin shi ne dabarar kashe dodo. Yanzu goran nake tunani. Tsohuwa ta ɗauko shi a bayan babur, ta tsallake daji da shi, ta kawo shi har tsakar gidana, ta ɗora hannu a kan marfi ta ce in zauna. Waɗanda suka cinye ƙauyenmu suka kashe Lawali, na san su, kuma akwai ranar da zan tsaya da su gaban Allah, ban yafe ba. Wannan guda ɗaya kuwa ba su suka cinye ba, kuma ban san gaban wa zan kai ƙarar ba.

Kwanakin baya Ɗanjuma, wani tsohon direba da suka yi layi ɗaya da Lawali, ya zo in cika masa memori. Na saka masa na malamin gona, na saka masa na mai tarin nan. Yana jira sai ya ce, "To kai da kaka zaɓa ma mutane, wanne kaka saurare in ka rufe shago?" Ban san abin da ya hau kaina ba, na miƙa masa iyafis na kunna masa naɗin da na yi wa Kaka a daren nan.

Ya saurara ya yamutsa fuska. "Wanga ba komi ciki sai ƙarar gyaɗa."

Na ce ya dai jira. Ina kallon fuskarsa har aka zo wurin da Kaka ta tambayi Lawali. Na ga ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Da ya cire iyafis ɗin sai na ba shi labarin tsohuwa da gora, daga damin gero har zuwa marfi, a tsaye, mutane na jiran cajinsu.

"To," in ji shi, "ƙaƙa tak ƙare?"

Na ce masa an kawo wuta.